ƊAURIN INABI DA DATSARSA: SIRRIN YAWAN 'YA'YA DA ZAƘI

A wannan wata za mu yi magana a kan inabi. Da yawanmu mun san shi a kasuwa ko a tashar mota. Amma kaɗan ne suka taɓa ganin yadda ake nomansa.

Inabi ba itace ba ne mai tsayuwa da kansa kamar mangwaro. Mai yaɗo ne, kamar duma ko soso. Yana da 'yan zaruruwa da yake kama abu da su. In ya sami danga ya hau danga. In ya sami itace ya hau itace. In bai sami komai ba sai ya bi ƙasa.

Inabin da aka bari ya yi yadda yake so, ganye zai tara. 'Ya'yansa za su zama ƙanana masu tsami. Shi ya sa mai gonar inabi yake yin abu biyu. Yana datse rassa. Yana kuma ɗaure waɗanda suka rage a kan dirka ko waya ko rumfa. Irin ɗaurin da ya zaɓa shi zai nuna yawan abin da zai girba da kuma kyansa.

A Faransa da Italiya da Sifaniya, yawancin inabin da ake nomawa giya ake yi da shi. Masu wannan sana'a suna biyan kuɗi ne bisa kyan inabi, ba yawansa kawai ba. Don haka masanan ƙasashen suka daɗe suna binciken ɗauri da datsa. Abin da suka gano ya shafi kowane irin inabi, har da na ci da wanda ake shanyawa a yi zabibi.

A INA INABI YAKE YIN 'YA'YA?

Sai mun gane wannan kafin mu gane sauran bayanin.

A jikin reshen inabi akwai gaɓoɓi. A kowace gaɓa akwai ido, kamar idon rake. Daga idon nan sabon toho yake fitowa. A jikin sabon tohon ne nonon inabi yake fita, galibi ɗaya ko biyu.

Amma ba kowane ido ne yake ba da nono ba. Idon da ke kan reshen bara shi ne mai haihuwa. Tohon da ya fito daga tsohon kututture yawanci ganye ne kawai.

Ga wani abin mamaki. Nonon da za a gani bana, tun bara aka fara shirya shi a cikin ido. Idon da ya sha hasken rana bara zai ba da nono mai kyau bana. Idon da ya zauna cikin inuwa zai ba da ƙaramin nono, ko ma ya fito fayau babu komai. Ashe inuwa ba amfanin shekara ɗaya take ci ba. Tana cin na bana, tana cin na baɗi.

GANYE SHI NE MADAFA

Zaƙin da ke cikin inabi, ganye ne yake yin sa. Ganye yana haɗa hasken rana da iska da ruwa, ya yi sukari. Daga nan sukarin ya tafi cikin 'ya'ya.

Ganyen da ke waje shi yake shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa. Abin da yake wucewa zuwa ganyen da ke ƙarƙashinsa bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Ganye na uku kuwa kusan cikin duhu yake. Irin wannan ganye ba ya ƙara wa gona komai. Daga baya ma sai ya yi rawaya ya zube. Yawan ganye dabam, yawan ganyen da ke ganin rana dabam.

Idan nono ya nuna a cikin inuwa mai yawa, ga abin da ke faruwa:

1. Zaƙi yana raguwa, tsami yana yawa.
2. Jan inabi da baƙi ba sa yin launi sosai.
3. Ƙamshi yana raguwa, wani irin har ya riƙa warin ɗanyen ganye.
4. Raɓa da ruwan sama ba sa bushewa da wuri, sai fumfuna ta kama, 'ya'ya su ruɓe.
5. Maganin feshi ba ya kaiwa can ciki.

Amma kada a ce tun da haka ne bari a tsige ganye duka. A ƙasa mai zafi, rana tana ƙona fatar inabi. Zafi mai tsanani kuma yana hana launi fitowa. Abin da ake nema shi ne haske da inuwa a gauraye, kamar ƙarƙashin bishiyar da ba ta cika duhu ba.

KAYA DAIDAI DA ƘARFIN JAKI

Abu na biyu shi ne nauyin 'ya'ya. Manomin da ya bar idanu da yawa zai ga nonna da yawa. Ransa zai yi fari. Amma ganyen da ke ciyar da su bai ƙaru ba. Sai nuna ta yi jinkiri, zaƙi ya kasa. Gindin ya gaji, baɗi ya ba da kaɗan. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wanda kuma ya datse fiye da kima, shi ma ya yi kuskure. Ƙarfin gindin ba shi da inda zai tafi. Sai 'yan rassan da suka rage su yi kauri da tsawo, su cika wuri da ganye. Inuwa ta dawo ke nan.

Masana sun auna, sun ga kilo 1 na inabi yana bukatar ganyen da zai rufe fili kamar mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. A gona, wannan yana nufin a bar ganye kamar 12 zuwa 15 a kan reshen da ke ɗauke da nono.

Wani masani Bafaranshe mai suna Louis Ravaz ya kawo wani lissafi mai sauƙi a farkon shekarun 1900. Har yau ana aiki da shi. A auna nauyin 'ya'yan da gindi ɗaya ya bayar. A auna nauyin rassan da aka datse daga wannan gindi. Sai a raba na farko da na biyu. Misali, 'ya'ya kilo 8, rassa kilo 1. Amsa ita ce 8. In amsa ta faɗa tsakanin 5 da 10, gindin yana daidai. In ta kasa 5, ganye ya fi ƙarfin 'ya'ya. In ta wuce 10, an yi wa gindin lodi. Duk mai sikeli zai iya wannan lissafi.

Yanzu bari mu duba manyan hanyoyin ɗauri, mu ga yadda kowace take bi da haske da nauyi.

HANYA TA ƊAYA: GINDI BA DIRKA

Wannan tsohuwar hanya ce ƙwarai. Ana barin kututture gajere, tsawonsa kamar zuwa gwiwa. A bar masa hannuwa 3 zuwa 5 da suka buɗe kamar ƙoƙo. A kan kowane hannu a bar ido 2. Babu waya, babu rumfa.

Ana yin ta a kudancin Faransa da Sifaniya da Girka, inda rana ke da zafi kuma ruwa ya yi ƙaranci. Ganye yana zubowa ya yi wa 'ya'ya laima. Gindin ƙarami ne, ba ya shan ruwa da yawa. Kuɗin kafa gona kaɗan ne.

Amfaninta ba shi da yawa. A busasshiyar gona da ba a ban-ruwa, sau da yawa ba ya wuce ton 5 a hekta. Amma 'ya'yan suna da zaƙi da launi. Aibinta shi ne dole a sunkuya a yi komai da hannu. A wuri mai laima kuma 'ya'yan suna ruɓewa, domin suna kusa da ƙasa.

A tsibirin Santorini na ƙasar Girka iska tana da ƙarfi. Manoman can sukan naɗe rassan inabi su yi kamar kwando a ƙasa. 'Ya'yan suna nuna a cikin kwandon, iska da yashi ba sa dukansu. A yankin Kandahar na Afganistan kuwa, inda itacen dirka ke wuya, akan gina 'yan gajerun bangaye na laka, inabi ya kwanta a kansu. Kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi yake aiki.

HANYA TA BIYU: LAYIN WAYA

A nan ana kafa dirkoki a jere, a ja waya 3 ko 4, wata sama da wata. Inabin ya zama kamar danga mai tsawo. Wannan hanya ta bazu a Turai bayan wani ƙwaro mai cin saiwa ya halaka gonakin inabi, daga shekarun 1860 zuwa gaba. Da aka zo sake dashe, sai aka dasa a layi, yadda doki da garma za su iya bi ta tsakani.

Layin waya iri biyu ne.

Na farko shi ne dogon reshe. Kowace shekara ana zaɓar reshen bara guda ɗaya ko biyu. A bar masa ido 6 zuwa 10, a kwantar da shi a kan wayar ƙasa, a ɗaure. A bar wani guntu mai ido 2 kusa da kan kututture, wanda zai ba da reshen baɗi. Sauran duk a yanke. Wani likita Bafaranshe, Jules Guyot, shi ya yaɗa wannan hanya a shekarun 1860. Har yau da sunansa ake kiranta.

Na biyu shi ne dawwamammen hannu. Ana kwantar da hannu ɗaya ko biyu a kan waya, a bar su nan shekara da shekaru. A jikin hannun ake barin guntaye masu ido 2. Datsar wannan ta fi sauƙi da sauri, sabon ma'aikaci ma yana iya koyonta da wuri.

Wanne ya fi? Irin inabin ne zai faɗa. Akwai farin inabi marar ƙwallo da ake kira Sultana, wanda aka fi yin zabibi da shi. Idanunsa na kusa da tushen reshe ba su cika haihuwa ba. Wanda ya yi masa gajeriyar datsa ya zubar da amfaninsa da hannunsa. Dogon reshe yake so.

A duk iri biyun, sabbin rassa sama ake miƙar da su, a sa su tsakanin wayoyi. Nonna suna jeruwa a ƙasa wuri ɗaya. Haske da iska suna samun su. Feshi da girbi suna sauƙi. A yankin Bodo na Faransa akwai gonakin da ake dasa gindi har 10,000 a hekta ɗaya. Kowane gindi kaɗan yake ɗauka, amma mai kyau. A yankin Shamfen kuwa doka ce ta ƙayyade hanyoyin datsa guda 4 kacal, don kada wani ya yi wa gonarsa lodi ya ɓata sunan yankin.

Wannan hanya ta fi dacewa da ƙasar da ba ta cika ƙarfi ba. A ƙasa mai taki da ruwa sosai, rassa suna cunkushewa tsakanin wayoyin, dangar ta yi kauri, cikinta ya yi duhu.

HANYA TA UKU: RABA GANYE GIDA BIYU

To, yaya mai ƙasa mai ƙarfi zai yi? Amsa ta fito daga Amurka a shekarun 1960. Wani masani mai suna Nelson Shaulis yana aiki a tashar binciken noma ta garin Geneva a Jihar New York. Ya lura cewa inuwa ce take hana gonaki masu ƙarfi ba da amfani.

Sai ya sa katako a gicciye a kan kowace dirka. Ya ja waya biyu a sama, tsakaninsu ya ɗan wuce mita 1. Ya raba rassan, rabi a wannan waya, rabi a waccan. Rassan suka zubo ƙasa kamar labule biyu. Rana ta sami hanyar shiga ta tsakiya. Amfani ya ƙaru sosai, kuma zaƙi bai ragu ba.

Wannan ya gyara wani tsohon zance. A da ana cewa duk gonar da ta ba da amfani mai yawa, inabinta ba zai yi kyau ba. Yanzu an gane ba dole ba ne. Ana iya ƙara yawa ba tare da ɓata kyau ba, muddin an ƙara ganyen da ke ganin rana. Bayan haka wasu masana a Faransa da Amurka da Ostareliya sun fito da nasu hanyoyin raba ganye. Sai dai duk suna cin waya da katako da aiki fiye da layi guda.

HANYA TA HUƊU: RUMFA

A nan ana barin kututture ya yi tsawo kamar mita 2. A saƙa waya a sama kamar rufin rumfar kasuwa. Rassa su bazu a kai, nonna su rataya a ƙasa. Mutum yana tafiya a tsaye yana aiki.

Ana yin rumfa a Italiya da Ajantina da Cile. A Indiya ma an daɗe ana yin ta, musamman a yankin Nashik na Jihar Maharashtara, inda ake noman inabi mai yawa. Rumfa tana tare rana mai zafi. Tana nisanta 'ya'ya daga laimar ƙasa. Tana cikin hanyoyin da suka fi ba da yawa. Gona mai kyau da ake wa ban-ruwa takan ba da ton 20 ko fiye a hekta.

Amma tana da tsada wajen kafawa. Kuma in ba a kula ba rufin ganyen yana kauri, ƙarƙashinsa ya yi duhu da laima. Ga yadda ake ganewa. A shiga ƙarƙashin rumfar da rana tsaka, a dubi ƙasa. In ana ganin ɗigo-ɗigon haske, rumfar tana daidai. In ƙasa ta yi duhu baki ɗaya, a rage rassa da ganye.

INABI A ƘASA MAI ZAFI

A Turai inabi yana zubar da ganye lokacin sanyi, ya yi barci. A lokacin ake datsa, sau ɗaya a shekara. A ƙasa mai zafi kuwa ba ya barci da kansa. Almakashin manomi ne yake gaya masa lokacin da zai yi toho.

Manoman Nashik sau biyu suke datsa. A watan Afrilu sukan yanke rassa ƙwarai, don sababbi su fito su sha rana. A watan Oktoba, bayan damina, sai su yi datsar 'ya'ya. Girbi ya faɗo cikin rani, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Dabarar ita ce kada nuna ta haɗu da ruwan sama, domin ruwa yana fasa 'ya'ya ya kawo ruɓa.

Wannan darasi ya shafe mu. A Ƙaramar Hukumar Kudan, kusa da Zariya a Jihar Kaduna, manoma suna noman inabin ci a kan dirkoki da waya. Damina da rani da zafin rana irin namu sun fi kama da na Indiya fiye da na Faransa. Saboda haka ba daidai ba ne mutum ya kwaikwayi abin da ya gani a hoton gonar Turai ido rufe.

KAFIN A KAFA DIRKA

Inabi ba gero ba ne da za a gyara kuskure baɗi. Sai a shekara ta uku yake fara ba da amfani na sosai. Gindi ɗaya yana iya yin shekara 30 ko fiye. Sauya ɗauri bayan gindi ya girma yana cin kuɗi, yana kuma jawo asarar girbi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai niyya ya tambayi kansa:

1. Ƙasata mai ƙarfi ce, kuma ina da ruwa? In haka ne, inabin yana bukatar wuri mai faɗi, wato rumfa ko raba ganye. In ƙasar ba ta da ƙarfi, ƙaramin ɗauri ya isa.
2. Wane iri zan dasa? Dogon reshe yake so ko guntu?
3. Me mai saye yake nema? Mai sayen inabin ci yana son manyan 'ya'ya masu kyan gani, marasa ƙunar rana.
4. Dirkokina za su jure wa gara da iskar farkon damina? Rumfar da ta faɗi da 'ya'ya a kai, asarar shekara ce.

Wanda ya riga ya dasa kuma, ga abin da zai kiyaye. A shekarar farko a bar toho ɗaya mai ƙarfi ya hau sanda ya zama kututture. Nonon da ya fito a kan ƙaramin gindi a cire shi, ko da ba a so. Kada a cika takin zamani mai sa ganye, domin inuwa yake ƙarawa. In za a rage ganye kusa da nono, a rage ta gefen gabas, inda ranar safe ke bugawa. A bar na yamma ya tare zafin la'asar. A yi datsa da almakashi mai kaifi da tsabta, a kwashe rassan da ke da cuta a ƙone.

A ƙarshe, kowace shekara a auna 'ya'ya da rassan gindi biyar ko goma. A rubuta a littafi. Wanda ya iya karatu da lissafi, gonarsa da kanta za ta gaya masa ko ya yi mata lodi ko bai yi ba. In wani abu ya shige duhu, a nemi malamin gona, ko a ziyarci wanda ya riga ya fara. Gani ya kori ji.

Allah ya sa albarka a gonakinmu, amin.